Harafi Marar Takalmi

A rumfar Sallau mai fenti, bayan Ƙofar Ƙwaya,
na fara koyon O da murfin gwangwanin madara.
Ya ce, "Ɗora, zagaya, kada hannu ya yi rawa.
Wannan ce uwa. Sauran duk ita ta haifa."

Ka ɓalle mata gefe, c ta buɗe baki.
Jingina sanda a hagu, ga b. A dama, ga d.
Gajarta sandar, a ta zauna da tumbinta.
Da'ira ɗaya, sanda ɗaya, kusurwa mai tsini,
iyakar jarinmu ke nan.

Na ce, "Ina ƙafafunsu?
Na littafin makaranta suna da ɗan takalmi a ƙasa,
da ɗan baki na hula a sama."
Ya goge buroshi a tsumma.
"Waɗancan 'yan zaman ɗaki ne, su da fitila.
Namu a bakin titi zai kwana,
rana ta doke shi, ruwa ya wanke shi.
Direban Jibiya ba ya tsayawa gaisuwa.
Ƙiftawa ɗaya gare shi,
cikinta zai san nan ake faci."

Wata Laraba na auna komai daidai,
na tsaida O tsakanin H da T, tsawo ɗaya.
Da na ja baya zuwa gindin dalbejiya
sai na gan ta ƙarama, kamar ƙanwarsu.
Na sake awo. Ma'auni ya rantse daidai ne.
Sallau ya yi dariya har goro ya sarƙe shi:
"Ma'auni bai taɓa karanta allo ba.
Bari ta ɗan leƙa sama da layi, ta ɗan zarce ƙasa,
faɗin ƙwayar gero.
Wanda ya kwanta, rage masa ƙiba
fiye da wanda ke tsaye.
Ido ake yi wa aiki, shi kuwa sai da lallashi."

Shekaru suka tafi. Kwamfuta ta shigo unguwa
da haruffa masu sumul, zagayayyu kamar faifai,
irin namu sak, ba ɗigon fenti ko ɗaya.
Sai dai ba su san lanƙwasa ba.
Wani masauki a hanyar Dutsin-ma
ya rataya allo mai tsada: MARABA DA BAKI.
Sati guda masu shayi na tambaya
ko haƙora ma an yi musu maraba.

Daren nan na ɗauko tsohon murfin.
Na yanki rubu'in da'irarsa, ba ƙari,
na ɗora a kan k, ta sunkuya ta zama ƙ.
Ɗ ta ba ni wuya. Kwana tara.
In ƙugiyar ta yi tsawo, ta taɓa maƙwabci,
in ta gajarta, ta ɓace a ƙaramin rubutu.
Lantana ta ce abincina na hucewa
saboda abin da bai kai farcen jariri ba.

Yanzu suna ko'ina, ba mai tambayar wa ya zana.
Suna tasha, suna nuna motar Funtuwa.
Suna kan buhun taki, suna fuskar waya,
suna ƙofar ɗakin haihuwa, farare a kan kore.

Jiya na kai wa Sallau maganin ido.
Yana gani dishi-dishi, hannun ya daina riƙe buroshi.
Ya kawo kwalbar dab da hanci,
ya bi layin da babban yatsa:
ɗigo biyu, safe da dare.
Ya daɗe a kan ɗ ɗin.
Ya ce, "Wannan ƙugiyar ta murfina ce."
Ya sake dubawa.
"Amma g ɗinka har yanzu tana ɗingishi."